Kada Ki Taɓa Fitilar Zahari

Almeriya, 7 ga Maris, 2004

Gwaggo Stoyka,

Yau wata goma sha shida ke nan rabona da gida. Ina gaishe ki. Yaya gwiwar, yaya kunnen? Da kunnenki na ji, da na huta da sayen kan sarki, amma tunda waya ba ta da amfani a wajenki, ga takarda. Ni lafiyata ƙalau, in aka cire ciwon baya da hannuwan da ganyen tumatir ya rina baƙi. Muna cikin rumfunan leda daga fitowar rana har faɗuwarta. Maganar takardun zama kuwa, kullum "gobe" ake ce mana. In na fita ƙasar nan babu su, babu dawowa, don haka kada ki sake tambayata ko zan zo bikin Ista.

Kin ce Zahari ya farka daga barcin hunturu amma ba ya cin abinci kamar bara. Layi ɗaya kika ba shi, kika ba akuyar Ginka mai shago layi tara. Ƙadangare mai gemu ba ya jin yunwa sosai a makon farko in ya farka, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ki rubuto mini dalla-dalla: gyare nawa yake ci, yaya kashinsa, gemun ya yi baƙi ko yana nan yadda yake.

Takardar da na manna a bango kusa da akwatin gilashinsa tana nan ko? Dokoki huɗu ne kacal. Gyare na saye, ba ƙwarin lambu ba. Ganye kore kullum, a barbaɗa masa farin garin nan na ƙarfin ƙashi. Fitilu biyu, ta zafi da doguwar da ke zame masa rana, su ci awa goma sha biyu, kada ki taɓa su muddin suna kawo haske. Kada a fita da shi waje. Shi ke nan.

Kin san abin da ya sa nake damunki. Iskra za ta zo ƙarshen Yuni in an yi hutun makaranta. Tun da uwarta ta sake aure ta tafi da ita birnin Varna, mijin ya ce ba a shigo masa da ƙadangare gida, Zahari ne ke kawo yarinyar nan ƙauye. Ba ni ba, ba ke ba. Minti uku take ba ni a waya ranar Lahadi, biyu na Zahari ne. Ranar da zan taho ta sa na rantse za ta same shi yadda ta bar shi. Alkawuran da na karya wa 'yata sun isa haka.

Ɗan wanki,
Tsanko

Gida, 22 ga Maris

Tsanko ɗan Marin,

Takardarka ta iso. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Kunne kuwa na gode wa Allah, rabin surutun Ginka yana wuce ni. Ƙanƙara ta narke, na dasa albasa.

Ka ce dalla-dalla, to ga shi. Fada Zahari ba shi da lafiya. Haka nake kiransa, don in ya hura gemun nan ya yi baƙi, sak limamin cocinmu in mawaƙa sun ɓata masa waƙa. Kwanan nan gemun a baƙe yake wuni. Gyare goma na zuba masa jiya, biyu ya ci. Ba don ba ya so ba. Yana kai baki, sai gyaren ya zame. Na taɓa muƙamuƙinsa na ƙasa, ya yi laushi kamar ɓawon burodin da aka tsoma a madara. Ƙafafun baya suna rawa in ya tsaya, kuma ya daina hawa kututturensa.

Farin garin ya ƙare tun Janairu. Na aika garin Lovech, shagon dabbobin ya rufe, yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin. Gyare ina samu wajen wani ta hannun direban bas, amma shi bai san gari ba. Ganye kuwa alayyafo nake ba shi, shi ne abin da lambu ya fara bayarwa. Takardarka ganye kore ta ce, alayyafo kuma ba ja ba ne.

Yanzu ka saurare ni. Shekara arba'in ina kiwon kaji, na san wannan ciwon. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe da hunturu aka kulle a ɗaki, haka ƙafafunsu ke lanƙwashewa, haka bakinsu ke laushi. Maganinsa biyu: a gasa ɓawon ƙwai a daka shi luƙui, sannan a fitar da su rana. Rana ta gaske, ba ta kamfani ba. Ka ba ni izini in riƙa kai shi gindin katangar kudu da tsakar rana, awa ɗaya. Zan kifa masa akurkin waya, in zauna a kansa da sanda.

Da dabbata ce da ban tambayi kowa ba. Amma ta yarinya ce, kai kuma ka manna mini doka a bango kamar ofishin gwamnati.

Gwaggonka,
Stoyka

Almeriya, 4 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Ni ban san yadda nake ba tun da na karanta takardarki.

Gari ya ƙare tun Janairu, sai ƙarshen Maris nake ji? Takarda uku kika aiko a tsakani. Na san wanda ya mutu a ƙauye, na san wanda ya sayar da tarakta, ban san wannan ba. Kuma alayyafo! Alayyafo zuƙe ƙarfin ƙashi yake yi a jikinsu. Ki daina yau. Ki ba shi ganyen furen nan rawaya da ke fitowa a bakin shinge, da kabewa gogagga. Ɓawon ƙwan na yarda, ki daka sosai.

Amma abin da na fi zargi ba shi ba ne, kuma zan faɗa ko ranki zai ɓaci. Doguwar fitilar nan ita ce ranarsa. Muddin tana ci, ƙashinsa ba zai yi laushi haka ba, mai shagon da kansa ya faɗa mini. Ni kuwa na san ki da wuta. Na girma ina ganin kina kashe wa mijinki Kawu Dimo fitila yana tsakiyar karanta jarida. Ki faɗa mini gaskiya: awa nawa take ci? Shida? Huɗu? Ko sai ranar da kika tuna?

Waje kuwa, a'a. Zahari ba ɗan tsako ba ne. Iskar sanyin Afrilu a ƙauyenmu tana kashe wanda ya fi shi ƙarfi, ga kyanwar Ginka, ga shahon da ya kwashe miki 'yan tsaki shida kina zaune da wannan sandar taki. Kin manta, ni ban manta ba. Kada ki fita da shi ko bakin ƙofa. In kika fita da shi wani abu ya same shi, da bakina zan faɗa wa Iskra wanda ya yi.

Ki bi takardar bango. Ban roƙe ki komai ba bayan wannan.

Tsanko

Gida, 20 ga Afrilu

Tsanko,

Barka da Ista, ko da yake takardarka ba ta yi mini barka ba. Jiya ta iso, kwana goma sha biyar a hanya.

Zan faɗa maka abin da ya faru kafin ta iso, don ni ba na ɓoye-ɓoye. Na jira amsarka har na gaji. Ranar Talatar bayan Ista gari ya yi ɗumi, na ɗauki Fada na kai shi gindin katanga. Kwana shida ina yi. Da ka ga yadda ya baje jikinsa ya yi faɗi kamar faranti, ya lumshe ido. Rana ta huɗu ya kama gyare biyar da kansa. Rana ta shida ya ɗaga cikinsa daga ƙasa, ya taka taku uku. Ɓawon ƙwan da muka shafa wa launi don Ista duk na wanke fentin na daka masa.

Sai ga takardarka.

Fitila awa goma sha biyu take ci, tun ranar da ka sa ƙafa ka bar gidan nan. Da agogon Dimo nake kunnawa, da shi nake kashewa. Na kwana da sanyi a Fabrairu ban kunna abin ɗumama ɗakina ba, amma ɗakin ƙadangare yana haske kamar gidan biki. Duk wanda ya bi ta layinmu ya gani, har ana yi mini dariya. Ubanka ya yi shekara sittin yana faɗa da ni, bai taɓa ce mini maƙaryaciya ba.

Ka ce za ka faɗa wa yarinya wanda ya yi. To. Daga jiya na mayar da shi akwatinsa, ƙarƙashin ranarka ta kamfani. Alayyafo na daina, wannan laifina ne, na ɗauka. Sauran kuwa zan bi takardar bango harafi da harafi. Abin da ya same shi a ciki, na takardar ne.

Stoyka

Almeriya, 9 ga Mayu

Gwaggo Stoyka,

Ki fitar da shi rana. Yau. Ki ajiye takardar nan ki fitar da shi, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Laifina ne. Ga yadda na gane. Watan jiya maigidanmu ya canza ledar rumfuna biyu. A ido, hasken ciki ɗaya ne da na sauran. Amma manyan ƙudan zuman da ake sakawa don su bi furen tumatir sai suka rikice, suna karo da leda, ba sa gane hanyar komawa akwatinsu. Malamin gona ya ce a cikin rana akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, sabuwar ledar kuma tana tare shi. Na ji, na wuce. Sai ranar Alhamis takardarki ta zo, na karanta kwana shidan nan naki, maganar malamin ta dawo mini.

Jiya Asabar na roƙi rabin wuni na shiga gari, na nemi shagon dabbobi. Da Sifaniyancina na gona na yi wa matar bayani. Tambayarta ta farko: yaushe ka canza fitilar? Na ce ai tana ci. Ta dube ni kamar na ce ina shayar da jariri ruwan wanki. Ta ɗauko wata tsohuwar fitila, ta kunna, haske fes. Ta sa wani ɗan awo a ƙarƙashinta, allurar ko motsi. Gwaggo, fitilar nan wata shida zuwa shekara take aiki. Bayan nan tana haske, amma abin da ke gina ƙashi ya ƙare. Tamu na saya tun kafin in taho. Ta fi shekara tana ci a banza, ke kina kwana da sanyi dominta, ni kuma na rubuta miki da manyan haruffa kada ki taɓa ta. Matar ta ce ko ta bayan gilashin taga rana ba ta yi, sai a fili. Ta ce abin da kika yi shi ne daidai.

Na fito na kira shagon Ginka. Ta rufe shago ta je ta same ki, na sake kira bayan awa ɗaya. Ta ce kin ce: "Da alƙalami ya hana, da alƙalami zai halatta. Ni kurma ce, ba na jin saƙon baki." Ginka tana faɗa tana dariya. Ni na zauna a ƙasan rumfar wayar.

To ga alƙalami. Ni, Tsanko ɗan Marin, na soke doka ta uku da ta huɗu. Ki yage takardar. Ba ki kashe fitila ba, ba ki yi ƙarya ba. Na zarge ki ne don zargin ki ya fi mini sauƙi a kan zargin kaina, kuma abin da na ce game da Iskra maganar ɗan banza ce. Ki yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata, amma ba a jikinsa ba.

Sabuwar fitila da gwangwanin gari biyu suna hannun direban bas ɗin da ke tashi Laraba. Ki kai Zahari wajen likitan shanu ko da zai yi miki dariya.

Tsanko

Almeriya, 27 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Shiru. Na kira shago sau huɗu. Ginka ta tafi Sofiya wajen 'yarta mai jego, mijinta ne ke ɗauka, shi kuma bai san komai ba sai ƙwallo. Ya ce ya gan ki a coci, kina tafiya da ƙafarki. Na ce ƙadangaren fa? Ya ce wane ƙadangare.

Direba ya ce ya ajiye kayan a tashar Lovech, wani ya karɓa, bai san ko waye ba.

Ranar Lahadi Iskra ta tambaye ni Zahari. Na ce lafiya lau. Ta ce ta saya masa sabon kwanon ruwa da kuɗin da ta tara, mai siffar dutse. Ta ce saura kwana talatin da takwas. Ita ma tana ƙirgawa.

In ya mutu ki faɗa mini kawai. Layi ɗaya ya isa. Ba zan ce komai ba, ba ni da bakin cewa. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da tsinkar tumatir ban sani ba.

Tsanko

Gida, 1 ga Yuni

Tsanko,

Yana da rai. Na sa shi a farko don na san kai ma ba ka iya jira ba.

Ban rubuto ba don ban san abin da zan rubuta ba. Kwana goma yana tsakanin tafiya da zama. Kuma akwai abin da sai da na haɗiye kafin in ɗauki alƙalami.

Ranar da Ginka ta kawo saƙonka, na ji ta sarai. Ihu take yi, ko kabarin Dimo ya ji. Na san ka gane kuskurenka. Amma na ce sai na gan shi a rubuce, sai na riƙe shi a hannuna. Kwana biyar na ƙara barin bawan Allah a akwati, rana tana dukan katanga a banza, ni ina zaune ina jin daɗin fushina. Rana ta biyar da hantsi na shigo da ganye, na same shi kwance a gefe, jikinsa duka yana karkarwa, ƙafar baya ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Daga kan ɗan dutsensa ya zamo, tsawon yatsa uku, ƙashin ya karye.

Ban jira takardarka ba. Sai bayan kwana takwas ta iso. Na naɗe shi a tawul na tafi wajen likitan shanu. Ya ce, "Baba Stoyka, ni abin da ke ƙasa da kilo hamsin ba na dubawa." Na ajiye masa kwalbar barasar inabin Dimo ta ƙarshe a kan tebur, na ce yau za ka duba. Ya kira wani abokin karatunsa a Sofiya, suka yi ta magana. Ya ɗaure ƙafar da tsinken ashana biyu, ya ba ni wani ruwan ƙarfin ƙashi ina ɗiga masa a baki safe da yamma.

Yanzu kullum muna gindin katanga, ni da Fada da sanda. Shaho ya zo sau ɗaya, ya ga fuskata ya koma. Gyare nake matse wa kai in miƙa masa da hantsaki, don muƙamuƙin ya fara ƙarfi amma a karkace. Likita ya ce haka zai zauna. Ƙafar ma ba za ta dawo ba, janta yake yi. Kayanka sun iso, mijin Ginka ne ya karɓo ya manta da su a bayan mota. Na ɗaura sabuwar fitila, na rubuta kwanan wata a jikinta da jan fenti.

Muƙamuƙin naka ne. Ƙafar tawa ce. In yarinya ta zo haka za a faɗa mata, kada ka ɗauke mini nawa don ka ji kai mutumin kirki ne.

Takardar bango na kunna murhu da ita.

Gwaggonka,
Stoyka

Almeriya, 11 ga Yuli

Gwaggo Stoyka,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida Fada. Zafi a cikin leda ya kai inda ake sallamarmu da tsakar rana. Takardun zama har yanzu gobe.

Ban bari Iskra ta zo ta gani da idonta ba. Lahadin da ta biyo bayan takardarki na faɗa mata komai a waya: fitilar, dokar, ƙaryar da na yi mata cewa lafiya lau. Naki ban faɗa ba, na bar miki, tunda kin ce kayanki ne. Ta ce, "Ka rantse, Baba." Ta ajiye waya. Lahadi biyu ba ta ɗauka ba. Na ɗauka ba za ta je ƙauye ba ma.

Yau na kira shago, Ginka ta ce in tsaya, ga Iskra nan tana sayen gishiri. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce kina matse gyaren da yawa har ba ya motsi, shi kuma sai abin da ke motsi yake so. Ta ce ta karɓe hantsakin daga hannunki. Ta ce kin faɗa mata maganar ƙafar tun ranar farko, kun yi kuka, sannan kun yi faɗa a kan inda za a ajiye sabon kwano. Ta ce mako biyun da uwarta ta ba ta ba za su isa ba, don haka ta kira Varna ta ce sai an koma makaranta. Ta ce kada in ɗauka ta yafe mini. Na ce ban ɗauka ba. Ta ce fitilar za a canza a Disamba, in aiko tun Nuwamba, kuma ita za ta rubuta sabuwar takardar bango, don mu biyu ba a bar mana alƙalami.

Wata ashirin ke nan rabona da gida. Mutanen ɗakinmu kowa yana faɗin abin da ya tara, ni ga nawa. Ƙadangare ɗaya mai rai, ƙafa uku masu aiki, baki a karkace, kuma ko shi ba ni na tsirar da shi ba. Gwaggo ɗaya da har yanzu take amsa takardata. 'Ya ɗaya a ƙauye har Satumba. A waya kuma, yau, minti goma sha ɗaya.

Ɗan wanki,
Tsanko